Kanar Charles Young: Ɗan Bayin Da Ya Zama Hafsa, Ya Rasu A Legas

Masu karatu, a wannan mako za mu duba rayuwar wani mutum wanda aka haifa cikin bauta a ƙasar Amurka, ya yi karatu a babbar makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasar, ya kai muƙamin Kanar, a ƙarshe kuma ajali ya same shi a nan ƙasarmu, a birnin Legas, a shekarar 1922. Sunansa Charles Young. Da yawa a cikinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, ko da yake gawarsa ta yi fiye da shekara guda tana kwance a ƙasar Nijeriya. Mun zaɓi tarihinsa ne domin yana nuna mana cewa makarantar soja takan koya wa mutum fareti da harbi da lissafi, amma akwai wata jarrabawa da ba a rubuta ta a takarda. Wannan bawan Allah ya zauna mata shekara biyar, ya ci, sa'an nan ya ƙare sauran ransa yana koya wa na baya yadda za su ci.

Asalinsa

An haifi Charles Young ran 12 ga watan Maris, 1864, a wani ƙauye mai suna Mays Lick a jihar Kentaki. A lokacin yaƙin basasar Amurka yana ci, kuma batun bauta ne tushen yaƙin. Mahaifinsa Gabriel Young da mahaifiyarsa Arminta duk bayi ne, saboda haka bisa ga dokar wurin jaririn ma dukiyar wani ne. Gabriel ya gudu, ya haye kogin Ohayo, a farkon 1865 kuma ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta sojan igwa a ɓangaren gwamnatin tarayya. Ta wurin wannan hidima iyalin suka sami 'yanci.

Bayan yaƙi suka zauna a garin Ripley a jihar Ohayo, a bakin kogin. Garin ya yi suna wajen ɓoye bayin da suka tsere daga kudu. Wani fasto mai suna John Rankin yana da gida a kan tudu, inda ya karɓi bayi masu gudun hijira da yawa. A irin wannan gari Charles ya yi wayo. Mahaifiyarsa ta iya karatu da rubutu, abin da ba kasafai ake samu a wurin baiwa ba, ta kuwa sa ɗanta a hanya tun yana ƙarami. Ya shiga makarantar sakandare inda kusan dukan 'yan ajin Turawa ne, ya gama da sakamako mai kyau ƙwarai. Yana da kunnen kiɗa da na harsuna. Da ya gama, sai ya zama malamin makarantar yara baƙaƙen fata a garin.

A 1883 aka yi shelar jarrabawar shiga makarantar hafsoshi ta West Point. Mahaifinsa, tsohon soja, ya ƙarfafa shi ya gwada. Charles ya zo na biyu a gundumarsu. Wanda ya zo na ɗaya bai ci gaba ba, sai gurbin ya faɗo kansa. A 1884, yana da shekara 20, ya kama hanya.

Irin horon West Point

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san wace irin makaranta ce wannan. An kafa ta a 1802 a bakin kogin Hudson cikin jihar New York, domin ta riƙa samar wa sojan Amurka hafsoshi. Wanda ya ɗora ta a kan tsarin da Young ya tarar shi ne Sylvanus Thayer, wanda ya shugabance ta daga 1817 zuwa 1833. Karatun shekara huɗu ne. 'Yan majalisar tarayya ne ke gabatar da yawancin ɗalibai daga gundumominsu, gwamnati kuma ita ke ɗaukar nauyinsu.

A zamanin Young, ganga ce ke ta da ɗalibi da asuba, ita ce kuma ke kwantar da shi da dare. Akan raba aji zuwa ƙananan ƙungiyoyi, a kira kowa gaban allo kowace rana ya warware abin da aka ba shi, malami kuma ya ba shi maki nan take. Babu wurin ɓuya a bayan aji. Shekara biyun farko lissafi ne ke cin yawancin lokaci, shi ne kuma ya fi korar ɗalibai. Akwai kuma kimiyya, da harsunan Faransanci da Sifaniyanci, da zane, da doka, da sarrafa igwa, da hawan doki, a shekarar ƙarshe kuma ilmin injiniya, wato gina gada da ganuwa da hanyoyi. Da bazara akan kafa tantuna a fili a yi ta fareti da gadi. A lokacin, hutun zuwa gida na sosai sau ɗaya ne, bayan shekara biyu.

Banda wannan akwai littafin laifi. Maɓallin riga a buɗe, ƙura a kan bindiga, makara ta minti ɗaya, duk akan rubuta wa mutum. In laifofin suka wuce iyaka, sai kora. A ƙarshen karatu akan haɗa maki da ladabi a jera ɗalibai daga na farko zuwa na ƙarshe, wannan jerin ne kuma ke nuna rundunar da mutum zai samu da kuma gabacinsa wajen ƙarin girma. Manufar duk wannan ita ce a horar da saurayi ya iya bin umarni kafin a ba shi ikon ba da umarni.

Shekara biyar cikin shiru

Wannan horo mai tsanani kowa yana shan sa. Amma ɗalibi baƙar fata yana da wani kaya a kan wannan. Kafin zuwan Young, baƙar fata ɗaya ne kaɗai ya taɓa gama makarantar, wato Henry Flipper a 1877, shi ma an kore shi daga soja a 1882. A 1880 aka tarar da wani ɗalibi baƙar fata, Johnson Whittaker, a ɗaure a ɗakinsa an yanka masa kunnuwa. Maimakon a kama waɗanda suka yi, sai aka ce shi ya yi wa kansa, daga baya aka sallame shi. Young ya san wannan labari kafin ya sa ƙafa a ƙofar.

Makamin da aka fi amfani da shi a kansa shi ne shiru. Yawancin ɗalibai Turawa ba su yi masa magana sai a kan aiki. A wurin cin abinci, a hanyar aji, a fili, yana cikin ɗaruruwan samari amma kamar ba ya nan. Mu da muka tashi inda gaisuwa take kamar abinci, inda rashin gaida maƙwabci da safe yakan zama magana a unguwa, mu tsaya mu auna nauyin wannan. Duka yakan warke cikin mako. Amma a wuce mutum kowace rana ba ko sannu, wannan ciwo ne da ba ya nuna tabo. Wani ɗan ajinsu ya tuna daga baya cewa ya taɓa jin Young yana hira da Jamusanci da baƙin haure masu goge takalma a makarantar, don kawai ya sami wanda zai yi magana da shi.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne, a wancan zamani zuwa sujada ran Lahadi dole ne ga kowane ɗalibi. Ashe waɗannan samari sukan jeru su shiga majami'a tare da shi, su saurari wa'azi ɗaya, su yi addu'a ɗaya, su fito su ci gaba da ɗauke masa kai. Wannan abin lura ne ga kowace ikkilisiya. Zama a kan benci ɗaya ba shi ne zumunta ba.

Allah ya sa akwai wani ɗalibi baƙar fata a gabansa, John Alexander, wanda ya shiga a 1883. Suka zauna ɗaki ɗaya, Alexander ya zama masa kamar wa. Duk da haka shekarar farko ta yi wa Young nauyi. Ya tara laifofi da yawa a littafi, a ƙarshen shekara kuma ya faɗi lissafi. Aka mai da shi baya ya sake farawa tare da sababbin shiga na 1885. Ma'anarsa, ya sake shan wahalar ajin farko daga tushe, karatun shekara huɗu ya zama biyar. Mutane da yawa a nan suke tattara kayansu. Shi bai tafi ba.

A 1887 Alexander ya gama, ya zama na biyu cikin baƙaƙen fata da suka fita daga makarantar da muƙamin hafsa. Young ya rage shi kaɗai. A hankali haƙurinsa da ladabinsa suka fara karya zuciyar waɗansu 'yan ajin, har kaɗan daga cikinsu suka soma yi masa magana. Amma ana dab da ƙarshe sai wani tuntuɓe ya sake zuwa. A watan Yuni 1889 ya faɗi jarrabawar injiniya. 'Yan ajinsa suka karɓi takardunsu suka watse, shi aka bar shi.

A nan ne wani malamin injiniya, Laftana George Goethals, ya ɗauki nauyin koya masa a cikin watannin hutu. Wannan Goethals shi ne wanda daga baya ya jagoranci haƙa mashigin ruwan Panama. Young ya sake zama jarrabawar ya ci. Ran 31 ga Agusta, 1889, aka ba shi takardarsa, shi kaɗai, ba taro ba kiɗa. Shi ne na 49 a ajin mutum 49, kuma baƙar fata na uku da ya gama West Point. Bayansa sai da aka yi shekara 47 kafin wani baƙar fata ya sake gamawa. Gaskiyar Hausawa, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Hafsa mai koyarwa

A lokacin sojan Amurka a rabe yake, baƙaƙe rundunarsu dabam, kuma kusan dukan hafsoshin da ke kansu Turawa ne. Aka tura Laftana Young runduna ta 9 ta sojan doki, da fari a barikin Robinson a Nebraska, daga baya a barikin Duchesne a Utah. Hukuma ta riƙa neman inda za ta ajiye shi don kada ya ba Bature umarni.

A 1894 abokinsa Alexander ya rasu farat ɗaya yana koyar da darasin soja a Jami'ar Wilberforce a Ohayo, makarantar da ikkilisiyar Methodist ta baƙaƙen fata take riƙe da ita. Aka aika Young ya maye gurbinsa. Ya yi shekara huɗu yana horar da samari fareti da dabarun yaƙi, yana kuma taimakawa da koyar da waɗansu darussa da kiɗa. A can ya ƙulla abota ta har abada da masani W. E. B. Du Bois. Wilberforce ta zama gidansa.

Da ya koma Utah, sai ya lura da wani saurayi mai hazaƙa cikin ƙananan sojoji, Benjamin Davis, wanda ke marmarin zama hafsa. Tun da ƙofar West Point a rufe take, hanya ɗaya ta rage, wato jarrabawar da ake yi wa sojan da ke cikin aiki. Young ya zaunar da shi yana koya masa, musamman lissafi, darasin da ya taɓa kā da shi kansa. Davis ya ci jarrabawar, ya zama hafsa a 1901. Mu riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

Daga nan aiki ya yi ta kai Young wurare dabam dabam. Ya yi yaƙi a tsibiran Filifin daga 1901 zuwa 1902 yana Kyaftin. A 1903 aka ba shi riƙon gandun dajin gwamnati na Sequoia a Kalifoniya, inda manyan itatuwan duniya suke. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan aiki, kuma cikin 'yan watanni mutanensa suka ƙarasa hanyar keken doki zuwa cikin dajin, wadda aka yi shekaru ana ja. A 1904 ya auri Ada Mills, suka haifi ɗa da 'ya. A shekarar kuma aka tura shi Haiti a matsayin jami'in soja a ofishin jakadanci, ya zauna har 1907 yana zagaya ƙasar a kan doki yana zana taswira.

A 1912 aka aika shi Laberiya. Sojan kan iyakar ƙasar a lokacin ba tsari, ba albashi a kan kari, har sukan ƙwaci abincin talakawa. Aikin Young shi ne ya taimaka a gyara rundunar, a horar da hafsoshi, a buɗe hanyoyi zuwa cikin ƙasa. Ya taɓa shiga daji don ceto wani hafsa da aka kewaye, harsashi ya same shi a hannu. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, irin wanda ke baƙanta fitsari, ya kusa kashe shi. Saboda wannan aiki ne ƙungiyar NAACP mai neman haƙƙin baƙaƙen fata ta ba shi lambar girmamawa ta Spingarn a 1916. A wannan shekara ya shiga Meksiko tare da runduna ta 10 ta sojan doki a ƙarƙashin Janar John Pershing, ya jagoranci mutanensa a fagen fama, aka ƙara masa girma zuwa Laftana-Kanar. Da suka koma barikin Huachuca a Arizona, ya buɗe ajin koyar da aikin hafsa ga ƙananan sojoji baƙaƙe, don ya hango babban yaƙi yana tafe kuma za a bukaci shugabanni.

Tauraron da aka hana shi

A watan Afrilu 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojan ƙasar ya kumbura ƙwarai, hafsoshi masu irin shekarun aikin Young suna ta zama Janar. Shi ne baƙar fata mafi girman muƙami a sojan, kowa kuma ya ga inda abin ya dosa. Sai wani Laftana Bature daga jihar Misisipi ya kai kuka cewa ba zai iya aiki a ƙarƙashin baƙar fata ba. Wani sanata ya ɗauki maganar har gaban Shugaba Woodrow Wilson. Ana cikin haka aka tura Young asibitin soja a San Francisco don gwajin ƙarin girma. Likitoci suka ce yana da hawan jini da ciwon ƙoda. Aka yi masa ritaya da muƙamin Kanar, yana ji yana gani yaƙi ya wuce shi.

Gaskiya ita ce ciwon yana nan, don shi ne ya zama ajalinsa daga baya. Amma Young yana jin ƙarfinsa, yana aikinsa ba fashi, kuma mutane da yawa sun gane cewa rahoton likita ya zo wa hukuma daidai lokacin da take neman mafita.

Me ya yi? Bai zagi kowa a jarida ba, bai zuga sojojin da ke ƙaunarsa ba. A watan Yuni 1918, yana da shekara 54, ya ɗaura wa dokinsa sirdi a Wilberforce ya nufi birnin Washington, tafiyar mil 497, wajen kilomita 800. Wani wuri a kan doki, wani wuri a ƙasa yana jan linzami. Cikin kwana 16 ya isa, ya gabatar da kansa ga Sakataren Yaƙi, Newton Baker, don a gani da ido ko wannan mutum majinyaci ne. Aka saurare shi cikin ladabi, aka bar shi yana jira. Ba a mai da shi bakin aiki ba sai ran 6 ga Nuwamba, 1918, kwana biyar kafin a tsai da yaƙin. Damar zama Janar ta riga ta wuce.

Ƙarshensa a Legas

Abin mamaki, mutumin da aka ce ba shi da lafiyar zuwa Faransa, shi aka sake turawa Laberiya bayan yaƙi, ƙasar da zazzaɓinta ya kusa halaka shi. Abokansa suka ji tsoro. Shi kuwa soja ne, an ba da umarni, ya tafi. A ƙarshen 1921 aiki ya kawo shi Nijeriya. A nan ciwon ƙodar ya tashi masa gadan-gadan, aka kwantar da shi a asibiti a Legas, ya rasu ran 8 ga Janairu, 1922, yana da shekara 57. Hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta yi masa jana'iza irin ta soja, aka binne shi a Legas.

Matarsa da shugabannin baƙaƙen fata ba su huta ba sai da aka tono gawar aka mai da ita gida. Ran 1 ga Yuni, 1923, aka yi masa babbar jana'iza a maƙabartar jarumawa ta Arlington kusa da Washington, dubban mutane suka fito kan titi don yi masa ban kwana.

Yanzu mu koma ga saurayin nan na Utah. A 1940 Benjamin Davis ya zama Janar baƙar fata na farko a sojan Amurka. Ɗansa kuma, Benjamin Davis ƙarami, shi ne ya shiga West Point a 1932, aka yi masa irin shirun da aka yi wa Young har shekara huɗu, ya jure, ya gama a 1936, daga baya shi ma ya zama Janar. Tauraron da aka hana malami ya sauka a kafaɗar almajirinsa da ta ɗan almajirin.

Ƙasarsa ma ta dawo ta biya bashi, ko da yake a makare. A 2013 Shugaba Barack Obama ya mai da gidan Young na Wilberforce wurin tarihi na ƙasa. A 2021 aka amince da ƙara masa girma zuwa Birgediya Janar, a watan Afrilu 2022 kuma aka yi bikin a West Point, wurin da ya karɓi takardarsa shi kaɗai, shekara 100 bayan rasuwarsa a Legas.

'Yan'uwa, a jerin ajinsu Charles Young ne na ƙarshe. Amma yau sunayen yawancin mutum 48 da ke gabansa sun ɓace, nasa kuwa ana tunawa da shi. Ya faɗi jarrabawa sau biyu bai gudu ba. An ƙi gaishe shi, bai koyi ƙiyayya ba. Malami ɗaya ya ba shi watannin hutunsa, shi kuma ya rama wannan alheri a kan samari da yawa a Ohayo da Utah da Arizona da Laberiya. Iyayen da ɗansu ya maimaita aji, kada ku yanke masa ƙauna. Malamai, ku duba ko akwai yaron da 'yan watanninku za su ɗaga. Mu duka kuma, in mun taru ran Lahadi, mu waiwaya mu ga ko akwai wanda ke zaune kusa da mu wanda ba mu taɓa ce masa sannu ba. Allah ya ba mu haƙuri irin na masu jimrewa, da zuciyar buɗe wa na baya ƙofa. Sai mako mai zuwa.